Lasisin jami'a kaɗai ba ya sa wa ɗalibi hular lauya

Ranar wata Asabar bayan sallar La'asar, wani dattijo maƙwabcina, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya yi mini sallama riƙe da ambulan, fuskarsa cike da annuri. 'Yarsa ce ta samu gurbin karatun aikin lauya a wata sabuwar jami'a mai zaman kanta, bayan ta shekara biyu tana zana jarrabawar JAMB ba ta samu shiga tsofaffin jami'o'inmu ba. Har ya biya kashin farko na kuɗin makaranta da kuɗin wani fili da ya sayar. Abin da ya kawo shi wurina shi ne in sa albarka, in kuma faɗa masa littattafan da ya kamata a fara saye.

Na karanta takardar, ban ga aibu a cikinta ba. Sai na tambaye shi ko Majalisar Kula da Ilimin Aikin Lauya ta amince wa jami'ar ta koyar da wannan fanni, kuma ɗalibi nawa ta ƙayyade mata a shekara. Ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, ai gwamnati ce ta ba su lasisi. Da idona na gani a talabijin ana miƙa musu takarda a Abuja."

Gaskiya ya faɗa. Sai dai takardar da ya gani ana miƙawa izinin buɗe jami'a ce. Izinin yaye ɗalibin da zai tsaya gaban alƙali a matsayin lauya yana hannun wata hukuma dabam, mai dokarta dabam, wadda akasarin iyaye ba su taɓa jin sunanta ba. Duk mai son kafa tsangayar koyon aikin lauya a Najeriya, gwamna ne ko attajiri ko ƙungiyar addini, ƙofa biyu ce a gabansa, kuma wanda ya shiga ta farko ya yi biris da ta biyu, 'ya'yan mutane ne ke biyan kuɗin gangancinsa da shekarunsu.

Wannan tsari yana da asali. Kafin samun 'yancin kai, ɗan Najeriya da ke son zama lauya sai ya haye teku zuwa Landan. A can aka rantsar da Christopher Sapara Williams, lauya na farko ɗan ƙasar nan, a 1879. Arewa ba ta samu nata ba sai a 1955, lokacin da Alhaji AbdulGaniyu AbdulRazaq na Ilori ya kammala. Ba wai babu karatun shari'a a Arewa ba ne, domin tun 1934 aka buɗe makarantar horar da alƙalai a Kano da malaman da aka ɗauko daga Sudan, wadda a 1947 ta rikiɗe ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Amma alƙalan kotunan gargajiya take yayewa. Waɗanda suka dawo daga Ingila kuwa dokokin Ingila suka karanto, da dama daga cikinsu ba su san dokar filaye ko ta gado ta ƙasar da za su yi aiki a cikinta ba. Wannan giɓi ya sa gwamnati ta kafa kwamitin Unsworth a 1959, kuma shawarwarinsa suka haifar da dokar 1962 wadda ta kafa Majalisar Kula da Ilimin Aikin Lauya. A watan Janairun 1963 Makarantar Horar da Lauyoyi ta buɗe a titin Igbosere da ke Legas da ɗalibai takwas kacal. Tun daga ranar karatun lauya ya zama hawa biyu: digiri a jami'a, sannan shekara guda ta koyon aiki a makarantar da Majalisar ke gudanarwa. Sai wanda Majalisar ta ba takardar shaidar cancanta ne majalisar dattawan lauyoyi ke rantsarwa, a rubuta sunansa a kundin Kotun Ƙoli.

Ƙofar farko ta Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ce, wato NUC, kuma ita ce aka fi sani. Jami'ar gwamnati da doka ake kafa ta, a majalisar tarayya ko ta jiha, sannan hukumar ta amince da ita. Masu zaman kansu kuwa dokar soja ta 1993 ce ta buɗe musu hanya, aka ba ukun farko lasisi a 1999, wato Igbinedion da Babcock da Madonna. Mai nema zai gabatar da tsarin karatu da taswirar gine-gine da daftarin dokar jami'ar, ya nuna fili mai faɗi da shaidar mallaka, ya nuna ƙarfin aljihu, a ziyarci wurin sau biyu, jami'an tsaro su binciki masu jami'ar, kafin Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta sa hannu. Ko a lokacin ma lasisin wucin gadi ne na shekara uku, kuma akan haɗa sabuwar jami'ar da wata tsohuwa ta riƙa yi mata jagora.

Samun lasisi bai ba jami'a damar koyar da duk abin da ta ga dama ba. Kowane fanni sai hukumar ta turo tawaga ta duba malamai da kayan aiki kafin a ɗauki ɗalibi ko ɗaya. Idan karatu ya yi nisa sai a dawo a yi babbar tantancewa, wadda sakamakonta ɗayan uku ne: cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko a hana, a kuma dakatar da ɗaukar ɗalibai. A fannin lauya ma'aunin hukumar shi ne malami ɗaya ga ɗalibi 30, digirin kuma shekara biyar ne ga wanda ya shigo ta JAMB, huɗu ga mai shiga kai tsaye. Sabon manhajin da hukumar ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya riƙe kashi 70 cikin ɗari na darussa, ya bar wa kowace jami'a kashi 30 ta tsara daidai da buƙatun yankinta. A fannoni irin su tarihi ko tattalin arziki, da an wuce nan magana ta ƙare. A fannin lauya rabin tafiya ke nan.

Ƙofa ta biyu ta fi ƙunci. Majalisar Kula da Ilimin Aikin Lauya tana turo tata tawagar, kuma da idon masu sana'a take duba. Tana son ta ga tsangaya mai ginin kanta, ba 'yan ɗakuna biyu da aka yanka daga tsangayar kimiyyar zamantakewa ba. Tana son ɗakin karatu na shari'a shi kaɗai, ɗauke da kundayen dokokin tarayya da na jihohi da jerin kundayen hukunce-hukuncen kotuna, irin wanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa mako-mako a 1985, tare da rumbunan hukunce-hukunce na intanet da aka biya kuɗinsu. Tana son kotun gwaji inda ɗalibi zai koyi tsayuwa gaban alƙali, da ofishin taimakon shari'a kyauta inda zai fara sauraron koken talaka a ƙarƙashin kulawar malaminsa. Tana duba darussan da ba makawa sai an koyar da su: tsarin mulki, kwangila, laifuffuka, filaye, shaida, kamfanoni, falsafar shari'a da sauransu. Tana ƙin karatun lauya na yamma ko na ƙarshen mako, domin a wurinta karatu ne na cikakken lokaci. Bayan duk wannan, idan ta gamsu, sai ta yanka wa jami'ar adadin ɗaliban da za ta ɗauka a shekara, abin da muke kira kota.

Wannan adadi shi ne ainihin amincewar, kuma shi ne abin da ba a rubutawa a allon talla. Sabuwar tsangaya yawanci da ɗalibi 50 take farawa, tsofaffin jami'o'i irin su Ahmadu Bello da ta Legas kuwa nasu ya haura 200. Dalilin ƙayyadewar a bayyane yake. Makarantar Horar da Lauyoyi ɗaya ce a duk ƙasar, hedikwatarta ta koma Bwari a 1997, tana da rassa a Legas da Inugu da Bagauda ta Jihar Kano da Yola da Yenagoa da Fatakwal. Kujerun da ke waɗannan wurare suna da iyaka, gadajen kwana ma haka. Idan jami'ar da aka yanka wa 50 ta ɗauki 150, bayan shekara biyar za ta yaye su duka, ta ba su digiri na gaske mai tambarin gaske, amma 50 ne kawai za su wuce. Sauran 100 sai su shiga layi. Baɗi a ƙara wasu 100 a bayansu. Mai digirin lauya da bai shiga waccan makaranta ba, doka ba ta ba shi damar tsayawa wa kowa a kotu ko sa hannu a takarda a matsayin lauya ba, ko da shi ya fi kowa maki a ajinsu.

Kada a ɗauka tsoratarwa ce irin ta malaman jami'a. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, ta Gwamnatin Tarayya ce, ba wanda zai kira ta haramtacciya, kuma ta yaye ɗaliban lauya masu yawa. A 2015 Majalisar ta fito fili ta ce ba za ta karɓe su ba, saboda ba ta yarda a koyi aikin lauya daga nesa ba. Ɗaliban suka garzaya Babbar Kotun Tarayya a Fatakwal, shari'a ta ɗauki shekaru, a 2019 kotu ta yi watsi da ƙararsu. Sai a 2020 aka amince a shirya musu wani kwas na musamman na cike giɓi kafin su shiga karatun da takwarorinsu ke shiga kai tsaye. A cikinsu akwai magidanta da ma'aikatan gwamnati da suka yi karatun da guminsu. A watan Nuwamban 2023 Majalisar ta sanar da dakatar da Jami'ar Baze ta Abuja daga ɗaukar ɗaliban lauya na tsawon shekara biyar. Dalilan da ta bayar sun haɗa da wuce adadin 50 da aka yanka mata, har ɗalibai 347 suka taru suna jiran gurbi, da kuma yaye wasu a shekara uku maimakon biyar. A Janairun 2025 kuma hukumar JAMB ta ce ba za ta ɗauki ɗaliban lauya a jami'o'i takwas ba saboda Majalisar ta dakatar da su, ciki har da Jami'ar Jihar Taraba da ke Jalingo, da ta Jihar Kwara da ke Malete, da Bingham da ke Karu, da Makarantar Horar da Jami'an 'Yan Sanda ta Wudil. Mai karatu ya lura: a jerin nan akwai ta tarayya, akwai ta jiha, akwai ta 'yan kasuwa, akwai ta masu addini. Cutar ba ta zaɓi gida ba.

Me ke sa hukumomin jami'a, waɗanda sun san dokar sarai, su taka ta? Lauya da likitanci su ne fannonin da iyaye ke rububi, su ne kuma ake sa wa kuɗi mafi tsada. Likitanci yana buƙatar asibitin koyarwa da ɗakunan gwaje-gwaje na miliyoyin naira. Lauya kuwa, a lissafin mai jami'a, allo ne da kujeru da wani barista da zai riƙa leƙowa daga cikin gari. Ɗalibi 50 ba sa riƙe albashin farfesoshi da kuɗin sabunta littattafai, don haka sai a ƙara 30 a asirce, baɗi a ƙara 60. A jami'o'in jihohi kuma matsin lambar daga sama yake zuwa: takardar kwamishina, wayar ɗan majalisa, roƙon basarake. Shugaban tsangayar da ya ce kujeru sun cika sai a ce ba ya son ci gaban jiharsa.

A ganina sharaɗin da ya fi kowane wuya shi ne wanda kuɗi ba sa iya gaggauta shi, wato malamai. Attajiri na iya gina tsangaya mai hawa uku cikin shekara ɗaya da rabi, ya sayo littattafai cikin mako guda. Malamin lauya kuwa a lissafa: shekara biyar a digirin farko, ɗaya a makarantar horarwa, ɗaya a hidimar ƙasa, kamar biyu a digiri na biyu, uku ko huɗu ko fiye a digirin digirgir. Shekara goma sha biyu ke nan idan ba yajin aiki, kuma har yanzu bai zama babban malami ba, balle farfesan da zai shugabanci tsangaya. Shi kuma wannan mutum, saɓanin malamin tarihi ko na adabi, yana da wata ƙofa a buɗe: zai iya buɗe ofishin lauya ko ya nemi kujerar alƙalanci, ya samu a shari'a ɗaya abin da jami'a ba za ta biya shi a wata shida ba. Saboda haka yawan tsangayoyi ya ninka, yawan ƙwararrun malamai bai ninka ba. Sunan farfesa ɗaya sai ka gan shi a takardun jami'o'i uku ko huɗu, a nan yana hutun shekara, a can yana ziyara, a wancan wuri kuma sunansa ne kawai ke aiki.

Na taɓa ganin yadda ake shirya wa tawagar tantancewa a wata jami'a da ba zan ambata ba. Kwana uku kafin zuwan baƙi, motar ɗaukar kaya ta sauke kwalayen littattafai da aka aro daga ofishin wani babban lauya. Aka manna sunayen malamai a ƙofofin ofisoshin da ba su taɓa zama a ciki ba, aka kira su suka zo da manyan riguna suka gaisa da tawaga. Ranar da baƙi suka tafi, da yamma motar ta dawo ta kwashe kayanta. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, amma a wannan karon ya rufe na tsawon kwana uku, kuma kwana ukun ake buƙata. Ɗaliban da suka ga littattafan sun shigo sun kuma fita, darasin farko da suka koya game da bin doka ke nan.

A Arewa nauyin ya ninka. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri suna koyar da shari'ar Musulunci tare da dokokin da muka gada daga Turawa, kuma kusan duk sabuwar tsangaya a yankin tana son ta yi koyi da su. Buri ne mai kyau, domin kotunanmu suna buƙatarsa: tsarin mulkin 1999 ya wajabta a samu masana shari'ar Musulunci aƙalla uku a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Amma malamin da zai buɗe Muhtasar na Halil ko Tuhfatul Hukkam ya warware wa ɗalibi mas'alar gado da Larabcinta, sannan ya juya ya nuna masa yadda Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kan irinta, ba a samunsa a kowace unguwa. Masu Larabcin da yawa ba lauyoyi ba ne, lauyoyin da yawa fassara suke dogaro da ita. Wanda zai kafa irin wannan tsangaya ya kamata ya fara tura matasa ƙaro karatu shekara biyar kafin ya aza tubalin farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan ya kamata a yi wa iyaye wani bayani a gurguje. Kwalejojin shari'a da nazarin addinin Musulunci, irin ta Aminu Kano da mutanen Kano ke kira Ligal, da ta A.D. Rufa'i a Misau, da ta Mohammed Goni a Maiduguri, sun yi wa Arewa aiki babba, sun samar da ma'aikatan kotu da alƙalan ƙananan kotuna. Sai dai difiloma a fannin shari'a ba ta mayar da mutum lauya. Tsani ce zuwa aji biyu a jami'a, kuma mai hawa ta nan ma a cikin kotar jami'ar za a ƙirga shi.

Ita ma Majalisar ba za ta fita ba tare da an yi mata magana ba. Hukumomi biyu ne ke duba tsangaya ɗaya, kowace da tawagarta da lokacinta da ma'auninta, kuma ana iya samun jami'ar da NUC ta amince da karatunta alhali Majalisar ba ta taka ƙafarta a can ba. A wannan tsakanin ne ake ɗaukar ɗalibai da sunan "amincewa na nan tafe". Sannan hukuncin yakan zo a makare, bayan ɗaruruwan matasa sun riga sun shiga tarko, kuma idan ya zo, mai jami'a yakan rasa kuɗin shiga ne kawai na ɗan lokaci, wanda ya sa hannu aka ɗauki ɗaliban da suka wuce ƙima kuwa yana nan a kujerarsa. Akwai kuma masu cewa tsarin kota ya tsufa, tunda ba kowane mai digirin lauya ne ke son zuwa kotu ba, wasu banki za su, wasu aikin jarida ko siyasa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ban taɓa haɗuwa da yarinya 'yar shekara 17 da ta cike takardar JAMB ta zaɓi lauya da niyyar kada ta sa riga da hular lauya ba. Idan jami'a na son ta koyar da doka ga waɗanda ba za su yi aikin lauya ba, ta rubuta hakan ɓaro-ɓaro a takardar ɗaukar ɗalibi, mu ga mutum nawa za su biya.

Gyaran da nake gani bai fi ƙarfin hukumomin ba. Matakin da JAMB ta ɗauka a 2025 ya nuna hanya: duk ɗaukar ɗalibai ta na'urarta yake bi, saboda haka tana iya rufe shafin kowace tsangaya da zarar an cika adadin da Majalisar ta yanka, ta kuma ƙi buɗe shafin wadda ba a yanka mata komai ba. Tawagogin NUC da na Majalisar su riƙa zuwa tare, su kuma riƙa komowa ba sanarwa, su nemi takardar biyan albashin wata shida ta kowane malamin da aka nuna musu. Jerin tsangayoyin da aka amince da su da adadin kowace a riƙa buga shi kafin fara sayar da takardun JAMB, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da sauran harsuna, domin uban da ke sayar da fili ba ya shiga shafin intanet na wata majalisa a Bwari. Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wadda ke da wakilai a cikin Majalisar, tana da rassa a kusan kowane babban gari, kuma mambobinta ne ake arowa ranar tantancewa. Ta san abin da ke faruwa.

Maƙwabcin nawa ya koma jami'ar ranar Litinin da tambayoyi biyu da na rubuta masa a bayan ambulan ɗin: ina takardar amincewar Majalisar, kuma ɗalibi nawa aka yanka muku? Wani jami'i ya karɓe shi da fara'a, ya ba shi ruwa mai sanyi, ya nuna masa hoton bikin miƙa lasisi a jikin bango, ya ce masa sauran takardun suna kan hanya, kafin yarinyar ta kai aji uku komai ya daidaita. Ya tambayi yawan ɗaliban ajin farko, aka ce ba a gama rajista ba. Da ya dawo ya shaida mini cewa ya leƙa ajin da kansa ya ƙirga kawuna har ya wuce ɗari ya daina. Ya nemi a mayar masa da kuɗinsa, aka nuna masa layin da ke ƙasan rasit mai cewa kuɗin da aka biya ba a mayarwa. Yarinyar ta sake sayen takardar JAMB karo na uku.